Bayan An Sauya Raga

Bradeni, watan Mayu

Otilia, matata,

Ina gaishe ki da kyau, ke da tsohuwar da kike jinya. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwar nan ta hagu da ke sanar da ni za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Kwalin da kika ba direban motar Italiya ya iso, na ga taliya da man zaitun da safa. Safar ta yi mini yawa. Kin manta ƙafar mijinki ne, ko kuwa ta wani ɗan Italiya kika auna? Inabin tsakar gida ya yi toho, sai dai kajin maƙwabta sun hana shi sakat.

Ga labari. Ranar idin Maryamu a watan Agusta za a yi wasan tsofaffin 'yan ƙwallo, mu da mutanen tsallaken kogi. Shugaban ƙungiya da ƙafarsa ya zo gidan nan. Yayanki Traian zai tsaya a raga, da wannan tumbin nasa ma ai ya tare rabinta ba sai ya motsa ba. Ni kuwa a tsakiya, ina kuma za a sa ni? Tun ina yaro a ƙungiyar masaƙa har muka hau rukuni na ɗaya, har na ɗaura ƙyallen kyaftin, ban taɓa sanin wani wuri a fili ba.

Yaran yanzu ba su san ni ba, abin yana ci mini rai. Rannan a kanti wani mai ɗankunne ya tambaye ni ƙwallo nawa na ci a rayuwata. Na ce masa ya je ya tambayi masu lamba tara wa ya ciyar da su da iyalansu. Bai gane ba, ya yi ta kallona. Su a wurinsu wanda ya zura a raga shi ne ɗan wasa, wanda ya ƙwato ta daga ƙafar ƙato ya ajiye masa a gaba kuwa ko oho. Da na amsa kiran manyan ƙungiyoyin babban birni a wancan lokacin, da yau hotona na bangon kantin nan. Amma wata yarinya mai taurin kai ta ce ba za ta bar uwarta ba, kin san ta.

Kada ki damu da cikina. Veta ta gidan kusa tana shigowa kullum ta ɗora mini tukunya, mabuɗi ma yana hannunta. Wannan karon ba ki sa kofi ba. Ki tuna da shi a kwali mai zuwa.

Mijinki,
Anghel

Perugia, watan Yuni

Anghel,

Na samu wasiƙarka, na ji daɗi da ka ce kana lafiya. Ni ma da sauƙi, baya ne dai ya ishe ni da ɗaga tsohuwa daga gado zuwa kujera. Madam Ebe jikinta garau, kan ne ya tafi. Jiya ta zuba cokula cikin takalmi ta ce ni na sace. Kullum da yamma sai ta shirya ta tsaya bakin ƙofa tana jiran mijinta, mutumin da ya mutu tun ina budurwa. In na ce ya mutu sai ta yi kuka sabo fil, don haka na koyi cewa yana hanya.

Yanzu mu zo kan maganarmu. Kofi ƙunshi biyu na sa da hannuna, a ƙarƙashin safar da kake yi mini tsiya a kanta. In ba ka gani ba, to wani ya gani, ko in ce wata.

Mabuɗin gidana a hannun Veta? Veta bazawara, wadda ke shafa jan baki don zuwa zubar da shara? Kai da ka fi ni iya tuƙa tuwon masara, yaushe hannunka ya mutu? Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi, kuma ka rubuta shi hankali kwance kamar kana ba ni labarin kaji.

Ga kuma wayar ranar Lahadi. Ina tsaye a rumfar waya katina yana ƙarewa, duk abin da na tambaye ka sai ka dawo mini da shi. Me ka ci? Ke fa me kika ci? Wa ya zo gidan? Ke fa wa kika gani? Da can in ka kama magana sai na roƙe ka ka yi numfashi. Mutumin da ba ya amsa tambaya akwai abin da yake ɓoyewa.

Ka san ba ni da halin zuwa. Takardar izinin zamana ba ta fito ba, in na tsallake iyaka kafin ta fito, ƙofar ta rufe ke nan. Amma ban baro ɗakina na zo wanke tsohuwar wasu don in dawo in tarar ba ni da miji ba. Tsoro nake ji, Anghel, na gaya maka a fili. Ka karɓi mabuɗin nan.

Wasan kuma kada ka buga. Ka ba garinmu gwiwa ɗaya, ya isa.

Matarka, in har yanzu ni ce,
Otilia

Bradeni, watan Yuli

Otilia,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, zafi ne dai ya yi yawa, inabi na shan wahala.

Albishirinki. Za a yi wasan tsofaffi ranar idin Maryamu, mu da 'yan tsallaken kogi, kuma shugaban ƙungiya da kansa ya zo ya gaya mini. Traian a raga, ni a tsakiya. Na san za ki yi murna. Na fito da takalmana na shafa musu mai, amma wani ya ɗauke su daga inda na ajiye, sai a cikin firji na same su. Wasan banza irin na Traian ne, ya girma bai san ya girma ba.

Kin yi maganar Veta da zafi, ban gane abin da ya ɓata miki rai ba. Mace ce mai kirki, ba ta cika surutu ba. Ban san wanda ya ba ta mabuɗi ba, ni na ɗauka ke ce.

Ki gaida mutanen gidan. In da hali ki sa kofi.

Anghel

Bradeni, ƙarshen Agusta

Otilia,

Ina fatan kina lafiya. Ni jikina lafiya, raina ne a ɓace, kuma ba wanda zan gaya wa sai ke.

An yi wasan. Fili ya cika har kan katanga. Kafin hutun rabin lokaci na nuna musu yadda ake yi, ban yi gudu ba ko kaɗan, ƙwallo ce ta yi gudun. Har na ji wani tsoho yana kiran lambata daga sama kamar da.

Bayan hutu aka ba ni ita a da'irar tsakiya. Na riga na waiga, na ga ƙofa a buɗe tsakanin mutum biyu, na sako ta ƙasa-ƙasa. Otilia, ko ina da ƙuruciya ban taɓa ba da fas mai kyan wannan ba. Ba wanda ya ruga daga cikin namu, suka tsaya kamar an dasa su. Sai wani ɗan tsallaken kogi ya ɗauka ya zura. Kuma wa ke cikin ragar? Traian! Me Traian yake yi a ragar mutane?

Fili ya kwashe da dariya ana tafi. Traian ya taho da gudu yana dariya ya rungume ni, yana ɗaga hannuna sama yana gaya wa kowa wai raha nake yi, wai kyauta na ba baƙi don ranar idi. Nan take aka canza ni. Ni ban yi raha ba. Ban taɓa raha da ƙwallo a ƙafata ba, kin sani. Na tambaye su a ɗakin canza kaya, kowa ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi.

Anghel

Perugia, watan Oktoba

Yaya Traian,

Ina gaishe ka, kai da matarka da jikoki. Ya hawan jinin? Ina fata kana shan maganin, ba ajiye shi kake yi a aljihu ba.

Ba na rubuto maka sai da dalili, ka sani. Tun wasiƙar Agusta ban sake samun ko layi ɗaya daga Anghel ba. Direba ya zo sau da dama hannu rabbana. Da na tambaye shi labarin wasan sai ya fara dariya, ya dubi fuskata, ya haɗiye ta, ya ce shi yana can baya bai ga komai ba. In na buga waya Veta ce ke ɗauka, ta ce yana barci, ko ya fita da abokai. Wane irin barci ne wannan da tsakar rana?

Ya rubuto mini cewa ya ba abokan hamayya ƙwallo, kuma har yanzu ku yake ba laifi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ba a ƙwace ƙwallo a ƙafarsa ba. Sha yake yi ko? A buge ya shiga fili kuka rufa masa asiri? Veta ce ke kawo masa kwalbar tare da tukunyar? Ya ce wai bai san wanda ya ba ta mabuɗi ba, wai ya ɗauka ni ce. Ka ji rainin hankali.

Kai ka kawo shi gidanmu, kai ka ce wa Baba ka tsaya masa. To yau ni ma ka tsaya mini. In mace ce ka faɗa, in kwalba ce ka faɗa, duk zan iya ɗauka. Akwai wani tunani na uku da ke zuwa mini in ina taje wa Madam Ebe kai, ina korarsa. Ka rubuto ka ce mini mace ce.

Ƙanwarka,
Otilia

Bradeni, watan Oktoba

Ƙanwata,

Mun samu gaisuwarki, duk muna lafiya, jinin ma ya sauka. Kin san ni da biro ba ma shiri, ki yi haƙuri da rubutun.

Ba mace ba ce, ba kwalba ba ce. Ko ɗigo ba ya sha. Ni na ba Veta mabuɗi, ranar da muka tarar tukunya ta ƙone ƙurmus a kan gas shi kuma yana zaune a tsakar gida yana mamakin hayaƙin. Baiwar Allah ko sisi ba ta karɓa, kuma ni na ce ta riƙa ce miki yana barci.

Abin ya fara tun hunturun bara. Ya taso daga filin wasa zai koma gida, hanyar da ya bi duk rayuwarsa, sai ga shi a bakin tashar jirgin ƙasa yana tambayar mutane. Muka kai shi wurin likita a birni. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, irin na tsohuwarki. Ya tambaye mu ko ya sha buga ƙwallo da ka. Muka dubi juna. Kin tuna ƙwallon fatar nan ta da, wadda in ta sha ruwa take komawa kamar dutse? Duk wadda golan can ya dako sama, kan Anghel take sauka, aikinsa ke nan. Sau nawa ya yi karo ya faɗi bai san inda yake ba, aka matsa masa soso mai sanyi a ƙeya aka tura shi ciki, mu kuma muna yaba masa. Likita ya ce ba zai rantse wannan ne ya jawo ba, amma bai yi mamaki ba.

Za ki ce me ya sa ban gaya miki ba. A ɗakin canza kaya ba a fitar da raunin mutum waje, haka muka tashi. In shugabanni suka ji, sai benci, in ka zauna a benci wani yaro ya gaje wurinka. Mun ɓoye karyewar yatsansa, shi kuma ya ɓoye ciwon kafaɗata kakar wasa guda cur, yana tare 'yan gaba tun daga nesa don kada a gwada ni ta wannan ɓangaren. To haka muka yi yanzu ma, ba tare da mun zauna mun shirya ba. Kowa ya ɗauki ranarsa, wannan ya raka shi kanti, wancan ya zauna da shi a benci bakin kogi. Muka mai da ke kamar shugabar ƙungiya da ake ɓoye wa rauni. Muna ganin taimakonsa muke yi, kuma muna ganin in kin ji za ki watsar da takardarki ki taho.

Shi ma ya iya ɓoyewa, ya fi mu. Lokacin da ƙafafunsa suka gaji a ƙarshen wasansa, ai shekaru ya yi ba wanda ya gane, don ƙwallo ba ta daɗewa a wurinsa, da ta zo ya sake ta. Haka yake yi da magana yanzu. Kin ce ba ya amsa tambaya. Ba shi da amsar ne, sai ya miƙa miki ita da sauri kafin ki lura.

Ranar wasan ni na nace ya buga, na ce fili zai dawo masa da kansa. Kafin hutu kuwa sai da na yi ƙwalla a raga, Anghel ne na da sak. Aka dawo aka sauya raga, shi bai sauya ba. Ina kallonsa ya waiga, ya auna, ya sako ta wajena. Na san abin da ya faru tun tana hanya. Da ta shiga sai na ga jama'a sun yi tsit, na ce in ban yi wani abu ba garin nan gaba ɗaya zai gane. Shi ne na yi dariyar nan. Ban taɓa yin abin da ya yi mini ciwo irinta ba.

Washegari ya zo fili da jakar takalmansa yana tambayar ƙarfe nawa za a take wasan. Tun daga nan abin yake sauri. Rubutu ma yana farawa, sai ya tsaya a tsakiya ya rasa inda za shi, ya yaga. Sunanki yana bakinsa har yanzu. Amma makon jiya ya kira matata da sunan uwarta, kuma rannan ya gaishe ni da ladabi ya tambaye ni wa nake nema. Bayan ɗan lokaci ya dawo daidai yana tsokanar tumbina. Likita ya ce ba wanda zai iya cewa saura yaushe.

Ki zage ni, na cancanta.

Yayanki,
Traian

Perugia, watan Nuwamba

Yaya,

Na samu wasiƙarka. Lafiyata ƙalau, kada ka tambaya.

Zagin ma ya ƙi fitowa. Ku tsofaffin banza, da furfurarku da komai, kuka taru kuka ɓoye mini mijina kamar ciwon yatsa. Ni benci zan sa shi? Wa zan kawo ya gaje wurinsa? Aikin da nake yi ke nan safe da yamma, Yaya. Na san yadda ake magana da su, na san abin da ke firgita su, na san watannin farko su ne masu daraja, lokacin da mutum yake nan a zauna da shi a yi hira. Waɗannan watannin kuka cinye mini, ina nan ina ba uwar wasu abinci a baki.

Ni ma ba na wanke kaina. Ya rubuta mini labari ɗaya sau biyu, ya ce ya tsinci takalmi a firji, na karanta da idona, amma na gwammace in yi kishi. Ka ba Veta haƙuri kafin in zo in ba ta da bakina.

Na gaya wa 'yar Madam Ebe zan tafi. Ta roƙe ni, ta ce takardar ta kusa fitowa, in daure zuwa bazara. Na ce bazara ta yi mini nisa. In ƙofar ta rufe ta rufe. Na tausaya wa tsohuwar, ta saba da hannuna, amma tana da 'ya. Direba zai kawo maka wannan, in ya juyo zai ɗauko ni, mu iso ranar Asabar ta sama.

Kafin nan ga abin da za ku yi. Kada kowa ya ƙara ce masa “ka tuna?” Kada ku yi masa musu. Ku cire madubin zaure in ya fara tsorata shi. Kuma ka zaɓi safiyar da kansa yake garau, ka zaunar da shi ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru a fili. Tun Agusta yake tambaya kuna kwance igiyar takalmi. Kyaftin ɗinku ne, yana da haƙƙin ya sani.

Otilia

Bradeni, safiyar Talata

Otilia, matata,

Ina gaishe ki. Direba zai miƙa miki wannan kafin ki hau mota. Traian yana zaune kusa da ni, in na ɓace ya nuna mini layin da nake. Gwiwa da sauƙi.

Ya gaya mini. An sauya raga. To fas ɗin dai mai kyau ne, wannan ko shi bai musa ba.

Ban ji haushinsu ba. Na daɗe da sanin wani abu yana zamewa, ina ta sakin ƙwallo da wuri don kada a gani. Ranar da ƙafafuna suka ƙare ni na je na gaya wa koci da kaina, ban jira 'yan kallo sun yi mini ihu ba. Wannan karon ban san wa zan je in gaya wa ba. Ke ce ya kamata, amma kunya ta hana ni.

An ce kin bar takardarki saboda ni. Da ina da ƙarfin hali da na ce ki zauna. Ba ni da shi. Ki zo.

Yau na san ki sarai. Na san tabon da ke haɓarki da yadda kike hura miya ko ta huce. Shi ya sa na ce a ba ni biro yanzu, don ban san yadda Asabar za ta same ni ba. Traian ya ce rannan na tambaye shi wa yake nema. Mutumin da muka yi rayuwa ina jin muryarsa a bayana.

Don haka ga roƙona. In kin shigo kika ga na miƙe na gyara riga, na ba ki kujera kamar baƙuwa, na tambaye ki daga ina, kada ki yi kuka a gabana, zan tsorata. Ki karɓi kujerar ki zauna. In na tambaye ki yaushe za ki tafi, ki ce ba yau ba.

Mijinki,
Anghel